Filin Turanci: "Tidy Up" da Danginta, Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar aji huɗu ce a wata firamare a Zariya. A littafin da muke koyarwa da shi akwai jimlar "Tidy up your room", a wani shafin kuma akwai "Clean your room". Da yara suka tambaye ni bambancinsu sai na ce musu duk ɗaya ne, a gyara ɗaki ke nan. Amma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da zuciyarki ta ƙi kwanciya, domin kalmomin nan biyu kowace da aikinta, kuma Hausa ma ta raba su tun kafin a zo ga Turanci.

Ki ɗauki ɗakin da aka share da safe, aka goge ledar ƙasa har tana ƙyalli. Da yamma yara suka dawo daga Islamiyya. Jaka a bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera ɗayar a tsakar ɗaki, hijabi a rataye a hannun kujera, littattafai a baje a kan gado. Babu ƙazanta a ɗakin nan ko kaɗan, amma a hargitse yake. Abin da yake bukata shi ne a kintsa shi, a tattara kayan a mayar da kowanne muhallinsa. Wannan aikin shi ne "tidy up".

Sai ki juya. Ga ɗakin baƙi da aka kulle wata biyu cikin hunturu. Komai yana inda aka bar shi, gado a gyare, kujeru a jere, kwanukan ado a cikin kabad. Amma ƙura ta lulluɓe komai, har mutum zai iya rubuta sunansa da yatsa a kan teburi, ga yanar gizo-gizo a kusurwa. Wannan ɗakin a kintse yake, ba abin da za a tattara. Shara da guga da kakkaɓa yake so, wato "clean". Shi ya sa Bature zai iya cewa "The room is clean but untidy", ɗakin fes yake amma a hargitse, ko ya ce "It's tidy but dusty", a kintse yake amma ya yi ƙura, kuma babu wani tufka da warwara a maganar tasa.

Ga ma'auni mai sauƙi da za ki ba yara. Su tambayi kansu, da me za a yi aikin? In sai an ɗauko tsintsiya, tsumma, ruwa ko sabulu, to "clean" ne. In hannu kawai ake bukata, a ɗauke wannan daga nan a kai shi can, a ninke tufa, a jera takalma, to "tidy" ne.

Amma kada ki zargi kanki da yawa kan amsar da kika ba su. A Amurka, uwa in ta ce wa ɗanta "Clean your room" ko "Clean up your room", mafi yawan lokaci kwashe kayan da ya warwatsa take nufi, ba wanke ƙasa ba. Sukan kuma ce "Pick up your room" ko "Straighten up". Mutanen Birtaniya ne suka fi riƙe "tidy" a bakinsu na yau da kullum, kuma tunda littattafan makarantunmu da jarrabawarmu Turancin Birtaniya suka fi bi, bambancin nan shi ya kamata yara su fara kamawa.

In kina son ya zauna musu daram, ki yi shi a aikace. Ki baje littattafai biyar a kan teburinki, ki shafa garin alli a gefe guda. Ki kira yaro ɗaya ki ce "Tidy the desk". In ya jera littattafan ya bar allin, ya ci. Ki kira wani ki ce "Clean the desk". In ya ɗauko tsumma, shi ma ya ci. Minti biyar ya isa, kuma da wuya su sake haɗa su.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kano, ina shirin rubuta jarrabawar kammala sakandare. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wannan "up" ɗin. An koya mana cewa ma'anarta sama. To in an ce "tidy up" ko "clean up", ina saman yake? Ko ana nufin a ɗora kayan a sama ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambayar ta fi duk sauran na wannan makon daɗin amsawa, domin amsarta tana cikin bakinka, kullum kana faɗarta da Hausa.

Me ya raba "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwo"? A ta farko wataƙila loma uku ya yi ya ture kwanon. A ta biyu kuwa kwanon ne ya rage. Haka "ya sha" da "ya shanye", "ya sayi gero" da "ya saye geron kasuwa", "ta kwasa" da "ta kwashe". Bahaushe yana sauya ƙarshen aikatau don ya nuna cewa aikin ya kai maƙura, ba a bar saura ba. Bature ba shi da wannan dabarar a jikin kalma, sai ya kawo wata ƙaramar kalma ya manna a gaba, kuma wadda ya fi ɗaukowa don wannan aikin ita ce "up". Don haka "eat" ci ne, "eat up" cinyewa. "Drink" sha, "drink up" shanyewa. "Buy up" shi ne saye kaya kaf, irin yadda 'yan kasuwa ke saye hatsi da kaka. "Use up" a yi amfani da abu har ya ƙare. "Lock up" a kulle ko'ina, ƙofa da taga, kafin a tashi daga shago. Ka ga babu sama a ko ɗaya daga cikinsu.

To haka "tidy up" take, a kintsa wuri har ya kintsu. Sai dai a nan tazarar ba ta kai ta "ci" da "cinye" faɗi ba. "Tidy the room" daidai ne, "tidy up the room" ma daidai ne, kuma mai gyaran takardarka ba zai rage maka maki a kan ko wanne ba. Wadda take da "up" ta fi kama da maganar baki. Inda "up" ɗin take da matuƙar amfani shi ne in ba a ambaci abin da za a kintsa ba. Mutum zai ce "I must tidy up before the guests arrive", bari in kintsa kafin baƙi su iso. In ka cire "up" a nan, jimlar sai ta yi kamar an yanke mata wutsiya.

Ka kuma lura, sauya wannan ƙaramar kalmar yana sauya abin da aikin ya faɗa wa. "Tidy up" tana ɗaukar wuri, tana kuma ɗaukar kaya: ɗaki, teburi, takardu, kayan wasa. "Tidy away" kuwa kaya kawai take ɗauka, domin ma'anarta a kawar da su daga ido zuwa ma'ajiyarsu. Za ka ce "Tidy your books away", amma ba a cewa "Tidy the room away", don ba inda za a ɗauki ɗaki a kai shi. Akwai kuma "tidy up after", wadda mutum ke biyo bayanta, ba kaya ba. "She is always tidying up after her brothers" na nufin kullum ita ce mai bin bayan 'yan'uwanta maza tana kwashe abin da suka ɓata. A ɗakunan kwanan ɗalibai da kicin na ofisoshi a Ingila za ka sha ganin takarda a manne a bango an rubuta "Please tidy up after yourself", wato kowa ya kwashe nasa kafin ya tafi. In kuma aka ce "Go and tidy yourself up", da kai ake: ka je ka kimtsa, ka taje kai, ka gyara zaman riga. Ba wanka ake nufi ba.

Tambaya: Na rubuta "My room was scattered so I tidyed up it" a insha'i, malaminmu ya ja jan layi uku a jimlar bai yi mini bayani ba. Ina kurakuran suke? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, layi ukun nan kowanne da dalilinsa.

Na farko "scattered". Kin fassaro "a warwatse" ne kai tsaye. A Turanci kaya ne ke warwatsuwa, ɗaki ba ya warwatsuwa. Za ki iya cewa "My clothes were scattered all over the floor", amma shi ɗakin sai ki ce "untidy" ko "messy", ko ki ce "My room was in a mess".

Na biyu rubutun "tidyed". Ƙa'idar ita ce, in kalma ta ƙare da baƙi sannan "y", to "y" ɗin tana komawa "i" kafin a ƙara mata ɗafi: "tidies", "tidied", "tidier", "tidiest", "tidiness". Inda aka fi ganin ta tsira shi ne gaban "ing", don kada "i" biyu su haɗu: "tidying". Haka "carry" da "hurry" da "study" suke. Amma in wasali ne kafin "y", kamar "play" da "stay", galibi ba a taɓa ta.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne ya fi kama mutane, har da waɗanda suka yi nisa a karatu. Abin da aka kintsa yana iya zuwa bayan "up" ko ya shiga tsakiya: "I tidied up the room" da "I tidied the room up" duk sun halatta. Amma da zarar kin maye gurbin sunan da wakilin suna, "it" ko "them", dole ya shiga tsakiya, babu zaɓi: "I tidied it up". Haka ma "clean it up", "put them away", "throw it out", "pick them up". Akasin haka kuma, in abin da ake magana a kai dogo ne, sai a tura shi ƙarshe, a ce "Tidy up the papers you left on my table yesterday". In kika jefa "up" can ƙarshen wannan doguwar jimlar, mai sauraro ya riga ya manta da aikatau ɗin kafin ta iso.

Jimlarki a gyare ita ce: "My room was untidy, so I tidied it up." Wajen furuci kuma "taidi" ake cewa, ana danna gaɓar farko, ba "tidi" ba.

Tambaya: Ni daga Maraɗi nake, da Faransanci na yi karatu, yanzu nake koyon Turanci saboda kasuwanci. Wace kalmar Faransanci ce ta yi daidai da "tidy"?

Amsa: Alhaji, kai aikinka ya zo da sauƙi. "Ranger" ita ce "tidy up", "nettoyer" ita ce "clean". Abin da za ka kiyaye kawai shi ne "ranger" tana aiki biyu. In ɗaki ne, "tidy up". In kaya ne ake mayarwa ma'ajiyarsu, Bature ya fi cewa "put away". Kada kuma kamannin "ranger" da "arrange" ya ja ka, duba amsar da ke biye.

Tambaya: Malam, a gidanmu da makarantar kwana da na yi muna cewa "arrange the room", "dress the bed", "pack the plates". Wani abokina da ya yi karatu a waje ya ce duk ba Turanci ba ne. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Jos.

Amsa: Abokinka ya yi tsauri. Turancin Najeriya ne, miliyoyin mutane suna fahimtar juna da shi, kuma a Jos ko Kaduna ba wanda zai tsaya yana tambayarka me kake nufi. Matsalar tana tasowa ne a wuri biyu: a takardar jarrabawa, da kuma in kana magana da wanda bai saba da bakinmu ba, domin kowace ɗaya daga cikin jimlolin nan tana da wata ma'ana daban a kunnensa.

"Arrange the room" a wurinsa tsara zaman kayan ɗaki ne, gado ya koma nan, kujera ta fuskanci can, kamar yadda ake yi ranar jeren amarya. In kwashe tarkace kake nufi, "tidy the room". "Pack" kuma zuba kaya ne a akwati ko kwali don tafiya, saboda haka "pack the plates" zai sa ya zaci ƙaura za a yi. Kwashe kwanuka bayan an ci abinci "clear the table" ne, ko "clear away the plates". Gyaran gado kuwa "make the bed" ake cewa, ko da yake ba kafinta ba ne kai.

Akwai ta huɗu da ba ka kawo ba, wadda mu Hausawa muka fi kowa faɗawa cikinta, wato "keep". Kalmarmu ta "ajiye" tana ɗaukar ma'ana biyu, sanya abu a wuri yanzu, da kuma adana shi. Sai mu ɗauki "keep" mu ɗora mata duka biyun, mu ce "Keep the book on the table" muna nufin a ajiye littafin a kan teburi. Bature zai ji cewa littafin yana can tuntuni, ana so ya ci gaba da zama a can. Sanya abu a wuri "put" ne: "Put the book on the table". Mayar da shi inda aka ɗauko shi "put it back". Kai shi ma'ajiyarsa "put it away". "Keep" tana zuwa ne in ana maganar inda abu ya saba zama, kamar "We keep the cups in that cupboard", a kabad ɗin can kofuna suke zama. Kuma ka yi hattara da "Keep it" ita kaɗai, domin in ka miƙa wa Bature wayarka ka ce haka, kyauta ka ba shi.

Tambaya: Salamu alaikum. Ina zaune a Manchester, na fara aikin gyaran gidaje na sa'o'i. Matar wani gida takan bar mini takarda, wani lokaci ta rubuta "just a quick tidy-up and hoover", wani lokaci "please wipe down the kitchen", wani lokaci "deep clean". Ina jin kunyar yawan tambaya. Mene ne kowanne ya ƙunsa, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikis salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a neman. Tambaya ba abin kunya ba ce a wannan aikin, masu gida sun fi son a tambaye su da a yi abin da ba su sa ba, musamman da yake kuɗin sa'a ake biya.

"A quick tidy-up" suna ne a nan, shi ya sa kika ga ɗan layi a tsakiya. Kintsawa ce sama-sama: a daidaita matasan kujera, a ninke bargo, a jera takalma, a kai kofuna kicin, a tara kayan wasan yara a kwandonsu. Ba ta ƙunshi buɗe durowa ko jefar da komai ba. Wannan ki riƙe shi da kyau, domin a nan ake samun saɓani. Takardar da kika gani a ƙasa kamar shara tana iya zama rasit ko wasiƙar asibiti. Ki tara takardu wuri ɗaya a kan teburi ki bar su yadda suke. Fitar da kayan da ba a so a zubar ko a bayar yana da nasa suna, "clear out" ko "declutter", kuma ba a yin sa sai mai kaya yana tsaye.

"Hoover" share ƙasa ne da injin zuƙar ƙura. Asalinsa sunan kamfanin Hoover ne na Amurka, sai mutanen Birtaniya suka mayar da shi aikatau, ko da injin na wani kamfani ne. Amurkawa su "vacuum" suke cewa. "Wipe down" goge saman abubuwa ne da ɗanyen tsumma: kantar kicin, saman murhu, ƙofofin kabad, jikin firji. "Mop" guga ce ta ƙasa da ruwa. "Dust" kakkaɓe ƙura. "Do the washing-up" ko "wash up" wanke-wanke ne a Birtaniya, ko da yake a Amurka "wash up" wanke hannu da fuska ne. "Deep clean" kuwa shi ne aikin gaba ɗaya, a janye kujeru da gado a share bayansu, a wanke cikin oven da firji, a kankare tsakanin tayil, a goge katakon gindin bango. Yana cin sa'o'i fiye da aikin mako-mako nesa ba kusa ba, don haka ki yi magana a kan lokaci da kuɗi kafin ki fara.

Jerin aikin kuwa ba ya sauyawa: kintsawa, sannan kakkaɓa, sannan injin ƙura, sannan guga da ruwa. Dalili shi ne ba a goge teburin da kaya ke kai, kuma ƙura ƙasa take sauka. In kika fara da ƙasa sannan kika koma saman kabad, kin yi aikin baban giwa. Ki fara daga sama ki gangaro, ki kuma fara guga daga ƙuryar ɗaki ki yo baya zuwa ƙofa, don kada ki taka inda kika goge. Wani abu kuma da ba na Turanci ba ne amma ba za mu iya tsallake shi ba: kada ki taɓa haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai ko ruwan kal a bokiti ɗaya ko a cikin masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma banɗakunan can ƙanana ne, da yawa ba taga.

Tambaya: Ina aiki a wani ofis a Abuja. Shugabana ya dawo mini da rahoto ya rubuta a kai "Good. Just tidy it up and send by Monday." Sake rubutawa zan yi?

Amsa: A'a, Malam, kada ka sake rubutawa, yin hakan ma zai iya ɓata masa rai. Ya riga ya ce "good", abin da ke ciki ya karɓu. "Tidy up" a kan takarda gyaran fuska ne: kuskuren rubutu, lambar shafi, kanun da girmansu ya saɓa, jadawalin da ya karkace, jimlar da aka maimaita. Kamar ɗakin nan ne da muka fara da shi, kayan duk suna nan, zamansu ne kawai za a daidaita. Da babban gyara yake so da ya rubuta "revise", "rework" ko "rewrite".

Tunda muna ofis, ga wasu biyu masu kama da juna da bai kamata a rikita ba. "Tidy your desk" kintsa teburi ne. "Clear your desk" kwashe komai ne daga kai, kuma in aka ce wa ma'aikaci "clear out your desk", sau da yawa sallama ce, ya tattara nasa ya nasa ya tafi. "Clear up" kuma tana da fuska da yawa: a kwashe tarkace bayan biki, a warware rashin fahimta, hadari ya washe, ƙuraje su baje. Sai ka duba abin da ke kewaye da ita kafin ka yanke ma'ana.

Tambaya: Na ci karo da "spick and span", "shipshape" da "spring cleaning" a karatu. Ana amfani da su har yanzu? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ana yi, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, Malama.

"Spick and span" ita ce "fes-fes" ko "tsaf-tsaf" tamu, kuma ta haɗa duka biyun, tsabta da kintsuwa. Asalinta "spick and span new" ne, wato sabo fil. "Span" ɓallin itace ne da aka sassaƙo yanzu, daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, "spick" kuma ana danganta ta da ƙusa. Daga baya "new" ta faɗi, ma'anar ta koma abin da ya yi kyau kamar sabo. Ba a juya ta a ce "span and spick", ba a kuma raba su. Bayan aikatau ta fi zama: "The kitchen was spick and span."

"Shipshape" daga bakin ma'aikatan jirgin ruwa ta fito. A jirgi wuri ya yi kaɗan, ga tangaɗi, duk abin da ba a ɗaure a muhallinsa ba zai gangara ya fasa wani abu ko ya ji wa mutum ciwo. Don haka ita ta fi karkata ga tsari da shiri fiye da tsabta. Cikakkiyarta ita ce "shipshape and Bristol fashion". Bristol gari ne mai tashar jiragen ruwa a kudu maso yammacin Ingila, a kan kogin Avon, inda tazarar cikar teku da janyewarsa a bakin kogin kan kai mita 12. Kafin a buɗe tashar da ke riƙe ruwa a 1809, in ruwa ya janye sai jiragen su zauna a kan laka su karkace, sau biyu a rana. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, jirgin da zai shiga Bristol dole ya zama mai ƙwari, kayansa kuma a ɗaure tamau. Yau doguwar ta zama maganar dattawa, amma "shipshape" ita kaɗai tana nan da ranta, za ki ji ana cewa "get the house shipshape" kafin zuwan baƙi.

"Spring cleaning" kuwa tana nan daram. Babban gyaran gida ne na shekara, a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da sanyin Turai ya wuce. A zamanin da ake ɗumama gidaje da gawayin kwal, ana haska su da fitilar mai, wata da watanni tagogi a rufe, baƙin hayaƙi yakan kwanta a bango da labule da kafet. Da iska ta yi ɗumi sai a buɗe ko'ina, a fitar da kafet a bubbuge, a wanke labule. Kwal ya tafi, kalmar ta zauna, har ana cewa "spring-clean" a kowane wata aka yi irin wannan aikin. In za ki bayyana wa wani da Hausa, ki ce masa irin gyaran gidan da ake yi gab da Sallah ne.

Tambaya: A wata jarida na ga "He sold the land for a tidy sum." Me ya haɗa kuɗi da kintsa ɗaki?

Amsa: Ma'anarta ya sayar da filin da kuɗi masu kauri. Haka "a tidy profit", riba mai tsoka. Abin da ya haɗa su tsohon tarihin kalmar ne. "Tidy" daga "tide" ta fito, wadda a tsohon Turanci take nufin lokaci, kafin ta koma nufin cika da janyewar teku. Ragowar wannan ma'anar tana nan a kalmomi irin su "Yuletide", lokacin Kirsimeti, kuma 'yar'uwarta a Jamusanci ita ce "Zeit", lokaci. To "tidy" da farko tana nufin abin da ya zo a kan kari, daga nan ta koma abin da ya yi kyau ya gamsar, kamar amfanin gona ko dabba mai ƙiba. Daga wannan ma'anar ta gamsarwa reshe biyu suka fito, ɗaya ya tafi ga ɗakin da komai ya zauna daidai, ɗaya ya tafi ga kuɗin da suka cika ido. A yankin Wales har yau in mutum ya ce "Tidy!" yana nufin madalla, abu ya yi.

Wajen amfani da ita a kan kuɗi, gaban suna kawai take zama: "a tidy sum", "a tidy amount", "a tidy profit". In ka juya ka ce "The sum was tidy", ma'anar ta gudu.